Allurar da Na Bari a Ƙarƙashin Auduga

Kusan kullum sai wani a cikinku ya tare ni wajen mai shayi ya ce, "Sale, ka shigar da ni wajenku mana, ai cire haƙori kama ka fizge ne." Rannan har wani yake ce mini shi da filayar gyaran babur ya cire wa ƙaninsa. To ku gyara zama. Shekara bakwai ke nan ina ɗakin haƙori a wani ƙaramin asibiti a nan Birnin Gwari, kuma ni ba mai cire haƙori ba ne, mai wanke kaya ne. Sau ɗaya tak na taɓa cire haƙori. Zan ba ku labarinsa, amma sai kun fara jin yadda aikin yake.

Ni a aji biyu na ƙaramar sakandare na ajiye littafi. Na yi acaba, na bari. Na je haƙar zinare, wata biyu na dawo da ƙaiƙayi. Daga nan na fara bin 'yan sa-kai, masu shiga daji bayan ɓarayi. A wajensu na sha maganin ƙarfe. Wani tsoho ya ba mu a ƙwarya, ya ce daga yau wuƙa ba ta cinmu, amma da sharaɗi: kada mu kuskura mu miƙa jikinmu a yi mana allura, ranar da muka miƙa magani ya karye. Innata da ta ga dajin nan zai cinye ni, sai ta je ta durƙusa wa maƙwabciyarmu, Madam Rifkatu, wadda ke riƙe da ɗakin haƙori. Madam ta ce in zo ranar Litinin da gajerun farata.

Aikin farko da ta ba ni, wani tire ne na kayan da aka gama cire wa wani manomi matauni da su. Na ɗauka zan ɗauraye a famfo kamar kwanon tuwo. Ta buge mini hannu. Ta ce sai na sa safar hannu mai kauri, in jiƙa su a ruwan magani, in bi haƙoran kowace filaya da buroshi, don jini yana maƙalewa a maƙogwaronta inda ido ba ya gani. Sannan in shanya, in jera a tukunyar dafa kaya, in jira sai ta yi huci ta cika lokacinta, ba wai da na ji ta fara ƙara in sauke ba. In babu wuta, a kan risho ake ɗora ta. Filayar ma ba ɗaya ba ce. Ta haƙorin sama daban, ta ƙasa mai lanƙwasa daban, ta saiwar da ta karye a ciki daban. Akwai wani ƙarfe kamar sukundireba da ake girgiza haƙori da shi kafin a kama. In Madam ta miƙo hannu ba ta magana, kai za ka san wanne take so. Wata uku ina miƙa mata ba daidai ba.

Sai sirinjin kashe dasashi. Shi na ƙarfe ne, ana saka masa 'yar kwalbar magani, a ɗaura allura a bakinsa. Allurar siririya ce kamar gashi, kuma baki biyu gare ta, gaba da baya duk tsini. Da an gama, a kwance ta a jefa a kwali mai ruwan ɗorawa da ke gefen kujera, nan take, ba sai an jima ba. In kwalin ya kusa cika a rufe a kai a ƙone. Madam ta fi yi mini faɗa a kan wannan kwalin fiye da komai. Takan ce, "Sale, haƙori ba ya kashe mai aiki. Abin da ke cikin jinin mai haƙorin shi ke kashewa." Ta lissafa mini ƙanjamau, ta lissafa ciwon hanta mai bin jini, ta ce shi wannan ya fi saurin kamu nesa ba kusa ba, ɗigon da ba ka gani ma ya isa. In ce, "To, Madam." A raina kuwa ina dariya, don ni ƙarfe ba ya shiga ta. In ba ta kallo da hannu tsirara nake kwance allura. Sau biyu allurar ta taɓa ni, na ce karce ni kawai ta yi.

Masu zuwa kuwa, ba wanda ke zuwa da wuri. Sai mutum ya sa kanumfari, ya sa gishiri, ya sa man birki, wani har ruwan batir, kumatu ya yi kamar ya ƙunshi lemo, sannan a kawo shi a babur daga ƙauye. Na ga ƙato mai gemu yana riƙe da rigata yana kiran uwarsa. Na ga tsohuwa da aka cire mata uku ba ta ce uffan ba, ta nemi a ƙunshe mata su ta tafi da abinta. Kowanne kuma jini yake tofarwa, ni ke riƙe kwanon.

An kawo mana rigakafin ciwon hanta na ma'aikata, allura uku: yau, bayan wata ɗaya, sai bayan wata shida. Kowa ya yi layi har maigadi. Ni ranar na ce cikina na ciwo. Da aka dawo na ce Inna ta aike ni Saminaka. Madam ta tambaye ni, na ce ai an yi mini a wani wuri, katin ne ya ɓace. Ta dube ni ta saman gilashinta ta ƙyale.

Shekarar da abin ya faru ita ce shekarar da hanyar Kaduna ta lalace, mota ba ta fita sai an taru sojoji sun raka. Mutanen ƙauyukan wajen Gwaska sun gudo wa ɓarayi, sun cika gari da kayansu a ka. Aiki ya yi mana yawa, don ban da ciwon haƙori har da waɗanda aka fasa wa baki da gindin bindiga. A lokacin aka turo mana wata ɗaliba daga makarantar koyon aikin lafiya, ta yi wata uku tana koyon aikin haƙori a hannun Madam. Sunanta Talatu, 'yar wani malamin firamare ce. Ba ta da girman kai ko kaɗan. Ita mai karatu, amma "Oga Sale" take ce mini, ta tsaya in nuna mata yadda ake jera kaya a tukunya tana rubutawa a littafi. Rigakafin nan guda ɗaya aka yi mata a makaranta, maganin ya yanke, tana jiran sauran.

Wata Asabar da yamma Yaya Ɗanjuma ya tare ni a lungunmu. Shi ne babba a 'yan sa-kan da na bi, yara sun fi ashirin a bayansa, tare da shi muka sha ƙwaryar nan. Ya naɗe fuska da rawani. Ya ja ni gefe ya buɗe, kumatun hagu ya kumbura.

"Kai Sale, kwana uku ko kunu ba ya wucewa."

Na ce, "Yaya, ka zo Litinin Madam ta duba ka."

"In zo in hangame baki gaban mace ta soka mini allura, gari ya ji? Yaran da ke bina daji su ji ƙarfe ya shiga Ɗanjuma? Ranar da ɓarayi suka buɗe wuta, wa zai tsaya a bayana? Kai ba shekara nawa kana kallon yadda ake yi ba? Ko share-share kawai kake yi a can?"

Wannan ta ƙarshen ita ta kama ni. Ranar Lahadi ɗakin a rufe yake, Madam tana coci, makulli kuma yana hannuna saboda shara. Na ce ya zo da hantsi ta ƙofar baya.

Ya zo. Babu wuta, na ja labule don kada a gan mu, na riƙe tocilan a baki. Na ɗaura allura kamar yadda na ga ana yi. Na kai ta dasashinsa, ta shige kamar a cikin nunanniyar gwanda. Muka dubi juna. Da bakin ya fara mutuwa ya ce, da harshe mai nauyi, "Ai cikin baki maganin ƙarfe ba ya kaiwa." Na ce haka ne, Yaya. Abin da Madam ke yi a minti biyar, ni na fi awa ina kokawa da shi. Haƙorin ya fito da guntun nama, jini ya ƙi tsayawa, na cusa auduga na ce ya cije. Kafin ya tashi ya kama wuyan hannuna ya sa na rantse da Allah ba mai jin allura ta shige shi.

Yanzu ku ji inda wautar take. Ranar Asabar aka ƙone tsohon kwali, aka ajiye sabo fil, babu komai a ciki. In na jefa allurar nan, Madam na zuwa za ta ga guda ɗaya a kwance ta tambaya. Murfinta kuma ya gangara ƙarƙashin kujera ban gan shi ba. Sai na kwance ta, na ajiye a ɗan kwanon silba, na rufe da auduga, da niyyar in na fita in jefa a masai. Ina cikin wanke filaya Ɗanjuma ya miƙe, jiri ya kwashe shi. Na tallabe shi muka fita ta baya, na ɗora shi a babur na kai shi gida. Kwanon na nan inda na bar shi.

Litinin na makara. Talatu ta riga ni, ta karɓi makullin Madam ta buɗe, ta ce bari ta rage mini aiki. Ina shigowa na ji ta ce, "Wayyo!" Ta damƙi audugar za ta zubar, allurar ta huda safar ta shige babban yatsanta. Madam ta taso da gudu, ta cire mata safar, ta kai hannun ƙarƙashin famfo tana wankewa da sabulu. "Kar ki tsotsa, kar ki matse, bar shi ya zuba." Sannan ta juyo.

"Sale, allurar wa ce wannan?"

Ta yi mini bayani ko da ban tambaya ba. In an san mai allurar a gwada jininsa. In lafiya lau yake, shi ke nan. In yana da wani abu, akwai maganin da ake ba wanda ya soku, amma da sauri ake yinsa, kwanaki ƙalilan ne.

Na ce, "Ta Iya Kande ce, Madam. Tsohuwar nan ta ranar Asabar. Mantawa na yi."

Ta zage ni tas, na sunkuyar da kai na karɓa, har ina jin daɗi a ƙaramin laifi aka kama ni. Aka tura ɗan acaba unguwarsu ya ɗauko tsohuwar. Ta shigo tana mita, "Shekaranjiya kun raba ni da haƙori, yau kuma jinin kuke so? Gobe sai ku ce in kawo kan." Aka gwada ta, babu komai. Madam ta ɗaga hannu sama ta gode wa Allah. Talatu ta yi dariya, ta naɗe yatsa da filasta. Da rana ta buɗe kular abincinta ta turo mini gaba.

"Oga Sale, ci mana. Tun safe ka yi wani iri. Kowa na mantuwa."

Na ci. Shinkafa da wake ce, na cinye rabi.

Ranar Laraba bayan aiki na je duba Ɗanjuma. Yana kwance a tabarma gindin mangwaro, a fili, rana na haska shi. Kumburin ya sauka. Amma da ya ɗago ya dube ni, farin idonsa ya koma kamar gwaiduwar ƙwai. Ranar Lahadi a duhu da tocilan ban lura ba. Matarsa na gefe tana dafa saiwoyi, ta ce, "Shawara ce, ta daɗe tana taso masa tana kwanciya." Ni kuwa na san idon nan. Madam ta sha nuna mini shi a fuskar masu zuwa, ta ce in na ga haka in ninka safar hannu.

Na matsa kusa na faɗa masa abin da ya faru da yarinyar. Ya ce, "Allah ya ba ta lafiya. Kai dai ka rantse."

Kuna tsammani daga nan na ruga gidan Madam, ga shi katanga ɗaya ce tsakaninmu? Ban je ba. Alhamis na zo aiki, na share, na wanke, na dafa kaya, na riƙe wa mutum huɗu kwano. Talatu na gefena tana miƙa wa Madam auduga da yatsan nan mai filasta. Sai da aka yi azahar, ɗakin ya zama ba kowa, sannan na tsaya gaban teburin Madam na faɗa mata duka.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta cire gilashi ta ajiye.

"Tun yaushe ka san ba ta Iya Kande ba ce?"

"Tun Litinin, Madam."

"Talatu! Zo nan. Sale, maimaita mata. Da bakinka, kana kallonta."

Na maimaita. Talatu ta dubi yatsanta, ta dube ni, ta nemi kujerar marasa lafiya ta zauna a kai. Abin da ta ce kawai, "Ranar ma da na ba ka abinci ka sani?" Na ce eh.

Madam ta zuba sirinji da kwalba a jaka ta ce in wuce gaba. Muka sami Ɗanjuma da yaransa biyu a ƙofar gida. Ta ce wa yaran su je su sayo mata ruwan sanyi a bakin kasuwa, kada su yi sauri. Da suka tafi ta ce, "Ɗanjuma, jininka na zo ɗauka."

Ya dube ni, kallon da har yau ban manta ba. Sannan ya ce, "Mama, kin san irinmu allura ba ta..."

"Kai, rufe mini baki. Na san ka tun kana yawo ba wando. Ni ban zo karya maka magani ba, ka riƙe abinka. 'Yar mutane ce aka ba ni amana, abin da ke jikinka wataƙila ya shiga nata. Kai da kake kwana a daji don 'ya'yan wasu, wannan ce za ka bari? Shiga ɗaki a saki labule. Ni ban gani ba, kai ba ka ji ba."

Ya tashi ya shiga. Ya miƙa hannu ya juya fuska bango. Da muka fito ya ce mini, "Kai kuma ka ci rantsuwa. Kada ka ƙara taka gidan nan." Ban ƙara ba.

Kafin la'asar sakamako ya fito daga ɗakin gwaji. Babu ƙanjamau. Madam ta ce in gode wa Allah, don da shi ne, lokacin maganinsa ya riga ya wuce a kwanakin da na yi ina shiru. Amma ciwon hantan yana nan. Allurar da ake yi wa wanda ya soku, ta ce ranar farko ta fi aiki, in an haura mako ba ta da amfani, kuma babu ita a garin nan sai Kaduna. Da ranar Litinin na faɗi gaskiya, da Talata Talatu ta bi ayarin motoci. Yanzu sai na Juma'a. Ayarin bai tashi da wuri ba, suka isa an tashi daga aiki. Sai Asabar aka yi mata, kwana na shida, aka haɗa mata da rigakafinta na biyu. Likitan can ya ce ba zai yi mata alkawari ba, ta jira wata shida a sake gwada jininta. Ba ta dawo ta ƙarasa wata ukunta a wajenmu ba, makarantarsu ta sauya mata wuri. Kayanta ma ƙaninta ya zo ya kwashe.

Ni kuma Madam ta karɓe makulli, har yau bai dawo hannuna ba. Ta ce don Inna kawai ba za ta kore ni ba, amma da sharaɗi. Aka gwada jinina, babu komai. Na buɗe baki zan yi magana ta ce, "In ka ce mini maganin ƙarfe ne, sai na mare ka. Sa'a ce." Ta ƙi yi mini rigakafin a ɗakinmu. Ta tura ni ranar awon jarirai, na zauna a benci tsakiyar mata masu goyo da kati a hannu. Wata ta leƙo ta ce, "Malam, ina jaririn naka?" Nas ta ce, "Shi ne jaririn." Duk rumfar ta kwashe da dariya. Na naɗe hannun riga, allura ta shiga dantsena ba gardama, mutum ya fi talatin yana kallo. Kafin yamma labari ya kai wajen 'yan sa-kai.

Don haka in kuna son aikin nan, ga abin da zan ce muku. Ba filaya za a fara ba ku ba, buroshi ne da kwali. Kafin ku taɓa tire ɗaya ku je a yi muku allura ukun nan, ku cika su, kada ku yi ɗaya ku ce an gama. In abu ya soke ku, ko ya soki wani ta dalilinku, ku faɗa a minti ɗin, ko da korarku za a yi. Wanda kuma ya sha wani abu a ƙwarya, ya ajiye shi a bakin ƙofa.

Da alluraina na riƙa ƙirga wa Talatu watanninta. Ta biyu, saura biyar. Duk wanda ya shigo da ido rawaya a watannin nan sai Talatu ta faɗo mini a rai. Madam ba ta ƙara ambatar sunanta a gabana ba, ni ma ban tambaya ba. Makon da aka yi mini ta uku, ranar Laraba da hantsi, muna shirin kiran mutum na gaba, wayar Madam ta yi ƙara. Ta duba, ta dube ni, ta buɗe murya yadda zan ji. Talatu ce.

"Mama, na karɓo takardar. Sun ce babu komai a jinin."

Madam ta zauna a kan kujera tana ta "Mun gode Allah, mun gode Allah," hawaye na bin gilashinta. Suka yi ta magana, Madam ta tambayi babanta, ta tambayi jarrabawa. Talatu ta ce a gaishe da nas, a gaishe da mai ɗakin gwaji, a gaishe da maigadi.

Madam ta ce, "Ga Sale nan ma a tsaye, yana jin ki."

Ina jin ƙarar motoci ta cikin wayar.

"Mama, ana kiranmu aji. Sai an jima."

Madam ta mayar da wayar aljihu, ta goge gilashinta da bakin riga, ta sa sabuwar safa. Ta ce, "Akwai mutum a waje tun ɗazu. Kawo tire."

Na kawo.